Ɗaurin da Na Yi wa Sandar Auta

Tun ranar da na je kallon wasan ɗana Auta a filin jami'arsu da ke nan Guangzhou ta ƙasar Sin nake fama da wani ɗaci a maƙogwaro. Na sha shayi bai tafi ba, na ci goro bai tafi ba. Ba cin su da aka yi ne ya dame ni ba, don ni ma an sha cin mu a fili ina yaro, in koma gida da ƙwauri a kumbure in yi barcina lafiya lau. Yadda aka ci su ne ya ba ni ƙyama. Abin da ya ƙara mini takaici kuwa, hannun da ya jawo musu abin ba na kowa ba ne, nawa ne, ni tsohon da ya tafi don ya yi wa ɗansa tafi.

Ni ɗan dukawa ne, a cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan da ba a san agogo ba. Abin da ke tashin mu bayan asuba shi ne ƙarar bugun fata a kan gungume, tim, tim, daga zauren wannan gida zuwa na wancan, har unguwar duka ta ɗauka. Warin jima da na bagaruwa sun kama rigunanmu da bangon ɗakunanmu, har in ka shiga kasuwa ba sai an tambaye ka ɗan wace unguwa ba. Aikinmu mu yara shi ne ɗebo ruwa, da jiƙa fata, da murza ta a hannu har ta yi laushi, da yanka ta siri-siri don ɗinki, ba tare da wuƙa ta kauce ba. Mahaifina yana zaune a kan buzu, basilla a hannu, zare a baki, ba ya yawan magana. Gwaji ɗaya gare shi. In ka gama ɗinka zabira ko gafaka ka miƙa masa, sai ya ɗebi gero daga ƙwarya ya zuba a ciki, ya rufe bakinta, ya kife ta, ya girgiza. In ƙwaya ɗaya ta faɗo, sai ya miƙo maka ya ce, "Kwance." Ba zagi, ba duka, kuma ba ƙarin bayani. Sau ɗaya na ji ya ƙara da cewa shi bai ga amfanin jakar da za a ba ta ajiya ta zubar ba. Na kwance ɗinki a zauren nan har yatsuna suka yi kanta, kuma kafin gemu ya fito mini babu abin da zan ɗinka gero ya sami hanya.

To, yau ga inda duniya ta kawo ɗan wannan mutum. Shekaru da yawa ke nan ina zuwa garin nan na Guangzhou ina lodin jakunkunan roba da aka yi wa fenti su yi kama da fata, irin waɗanda hannunsu ke tsinkewa kafin amarya ta gama zagayen dangi. Ni na san ba su da kirki, mai masana'antar ya san ba su da kirki, mai saye a Kano ma ya sani, amma kowa na murmushi. Da irinsu muka rufe zaurukan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ce ban sa hannu ba. Yanzu ma harkar ta bar hannuna, manyan 'ya'yana ne ke yi. In lokacin baje koli ya yi sukan taho da ni Pazhou, inda ake baje kolin, don kada in ce an manta da ni. Masu kaya su ce mini "lawban", wato maigida, su ba ni kujera da ɗan kofin shayi, sa'an nan su juya su yi ciniki da yaran ta waya, ana ɗaukar hoton jaka maimakon a juya cikinta a duba ɗinki. Ina zaune hannuwana a kan cinya. Amma har yau a ƙasan akwatina akwai basilla da 'yar wuƙa a naɗe cikin guntun jar fata, duk ƙasar da na je da su nake zuwa, ko da yake na manta rabon da wani ya ce in gyara masa ko da igiyar takalmi.

Mu ma muna da wasan sanda a zamaninmu, ƙwallon gora muke ce masa. Ƙodagon goruba ne ƙwallon, sandunan kuwa reshe ne mai lanƙwasa a kai, ka sara, ka gasa a wuta, ka danne da dutse ya kwana biyu. Filinmu yana bayan kududdufi, jikin ganuwa, inda yanzu aka ce mini gidan mai ne da shagunan waya. Bayan la'asar ake farawa, kiran magariba shi ne ƙarshe, ko da ƙodagon yana bakin gida ne. Ba takalmi, ba hular kwano, ba alƙali. Abin da za ka ji kawai shi ne ƙas-ƙas ɗin sanduna, da numfashi, da ihun wanda aka samu a ƙwauri, da muryar mai ƙosai da ke bakin filin tana tsine mana in ƙodago ya doshi kaskonta. Unguwa da unguwa ake karawa, mu dukawa, abokan hamayyarmu na kullum kuwa 'yan marina, waɗanda baban rini ya rina musu hannu har gwiwa.

Amma kafin a jefa ƙodago akwai abin da ba a tsallakewa, duban sanda. Kowane ɓangare zai tara sandunansa a ƙasa, sai a yi musanyar wuri, mu mu duba nasu, su su duba namu. Ka ɗaga, ka auna nauyi a hannu, ka shafa kai ko da tsini ko ƙusa. Duk aibin da ka gani, a nan za ka faɗa, mai sanda ya gyara ko ya sake wata. Da zarar ƙodago ya taɓa ƙasa bakin kowa ya rufu. Wanda aka ci ya dawo yana cewa ai sandar wane kaza ce, sai yaran unguwarsu ma su yi masa ature, su ce ina idonka yake lokacin duba? Manya da ke wucewa zuwa masallaci sukan tsaya su kalli duban nan fiye da yadda suke kallon wasan kansa. Wani tsoho mai sayar da itace yakan ce mana shi daga yadda yaro ke duba sandar abokin gaba yake gane wanda zai iya ba wa 'yarsa nan gaba.

Wata shekara 'yan marina suka ci mu sau uku a jere, abin ya tsaya mini a rai. Sai na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na sami guntun ƙarfe a maƙera, na fafe kan sandata na cusa shi, na rufe da fata na ɗinke, ɗinkin da ko kai ne wa ba za ka ga bakinsa ba. Na ce in an tambaya ado ne, ai ɗan dukawa ne ni. Ranar wasa aka tara sanduna. Babban 'yan marina, wani dogo da ya girme ni da shekara biyu, ya ɗauki tawa. Ya ɗaga ta sau ɗaya, ya sake ɗagawa, ya shafa fatar da babban yatsa. Na san in ya buɗe baki, sunan da za a sa mini a wurin nan har jikokina sai sun gaje shi. Sai ya ce, "Kai ɗan dukawa, zo ka ga wani abu." Ya ja ni bayan wata kuka, ya rage murya ya ce, "Ƙanina yana cikin wasan nan. Ƙwaurin mutum fa ake samu da wannan." Na kasa ɗaga kai. Ya jingine sandar a jikin kukar, muka dawo, ya ce wa jama'a, "Tasa ta tsage, na ara masa tawa ta biyu." Shi ke nan, aka jefa ƙodago.

Wasan ya yi zafi ranar, biyu da biyu muke har rana ta yi ja. Ladan yana gyaran murya ƙodago ya faɗo gabana, na ɗauke shi da sandar aro na zura a gidansu. Da sandarsa na ci shi. Yaransa suka yi ta gunaguni, shi kuwa ya karɓi abarsa ya saɓa a kafaɗa ya tafi alwala, kuma har ya bar duniya ban taɓa jin maganar a bakin kowa ba. A gida ne asirina ya tonu, don mariƙin sandar aron ya sha baba daga hannun mai ita, gumi ya sa tafina ya yi shuɗi. Mahaifina ya gani muna cin tuwo ya tambaya, ni kuwa ban iya yi masa ƙarya ba. Washegari ya sa na ɗauko sandar daga jikin kuka. Ya juya ta, ya duba ɗinkin ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau. Shi ne abin takaicin." Ya miƙo mini ya ce, "Kwance."

Auta shi ne ƙaramin 'ya'yana, kuma shi kaɗai ne bai shiga harkar jaka ba. Karatun injiniya yake yi a nan, Sinanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Da ya ce mini ya shiga ƙungiyar wani wasa wai shi lakuros, na ce wane irin ciwo ne kuma wannan? Ya yi dariya ya ce wasan sanda ne, sai dai sandar tana da 'yar raga a kai, a ciki ake ɗaukar ƙwallo a ruga da ita a jefa. Shekara biyu ya yi yana zaman benci kafin su fara sa shi, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Wannan zuwan nawa ya dace da babban wasansu da wata jami'a, wanda duk ya ci shi zai wuce gaba. Ya zo masaukina a unguwar Sanyuanli ya kwana don mu tafi tare, ya jingine jakar kayan wasansa a bakin ƙofa.

Bayan mun yi asuba ya koma ya ɗan kwanta, ni kuwa tsufa ba ya barin mutum ya koma barci. Sai na zaro sandar don in ga abin da ke hana yaron nan zuwa hutu gida. Na sa ƙwallon a cikin ragar, na ɗan karkata ta, sai ƙwallo ta gangaro ta faɗi. Na sake sawa, na kife, ta sake faɗuwa. Na yi tsaki. Na ce wato har kayan wasan ma irin jakunkunanmu ne, an sayar wa yaro abin da ba ya riƙe ajiya, kuma da wannan zai shiga cikin ƙarti suna dukan hannunsa? Ban yi shawara da kowa ba, na buɗe akwati na ɗauko basilla. Na kwance igiyar ƙasa na saki ragar ta yi ciki sosai, na tsuke gefe da gefe, na yanko siririyar fata daga abin naɗin kayana na ratsa ta sama na ɗaure bakin. Wallahi yatsun nan da nake cewa sun mutu, sai ga su suna tafiya da kansu. Ban san lokacin da gari ya waye ba.

Da Auta ya fito na ce, "Zo ka ga aikin da masana'antarku ta kasa." Na sa ƙwallo, na kife sandar, na girgiza. Ko motsi ba ta yi ba. Ya tsaya yana kallon ragar, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya dubi fuskata ya rufe. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Na ce, "Ka ga yanzu ko bijimi ne ya ture ka ba za ta zube ba." Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya sa ta a jaka kusa da wata sandar tasa ta biyu, muka fita.

Na gayyaci wani tsohon abokina mutumin Kumasi, mai harkar tura kaya ta jirgin ruwa, muka zauna a kan benen kallo. Tun daga filin raina ya fara ɓaci. Ciyawar roba ce, kore shar, ba ƙasa ba ƙura, an ja mata layuka kamar littafin makaranta. Yaran sun sha hular kwano da safar hannu da sulke a kafaɗa, ba ka gane ɗanka sai da lamba. 'Yan kallo kuwa rabinsu ba filin suke kallo ba, wayoyinsu suke kallo suna ɗaukar filin. Na jira in ga an tara sanduna an duba, ban gani ba. Na tambayi abokina, ya ce, "Alhaji, nan ba Kano ba ne, alƙali ya na nan, shi ne ya san aikin shi." Aka busa usur aka fara.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, yaran su Auta sun yi wasa. Tun farko aka zura musu uku ba su rama ko ɗaya ba, na ce yau za a yi mana wankin babban bargo. Amma suka dage. Mai tsaron gidansu, wani ɗan firit mai tabarau a cikin hular kwano, ya riƙa tare ƙwallo da ƙirji da cinya kamar ba jikinsa ba, ƙwallon nan kuwa tauri gare ta kamar ƙodago. Suka rama ɗaya, suka rama biyu, kafin hutun rabi sun kamo. Daga nan wannan ya ci wancan ya rama, ba wanda ya tsere wa wani da fiye da ɗaya. Na manta da ciyawar roba, na miƙe tsaye ina ihu da Hausa, Sinawan da ke gabana suna waiwayowa. Abu biyu na lura da su ban ba su muhimmanci ba. Jifan Auta na farko da na biyu duk a ƙasa suka dira, kamar ƙwallon ba ta son barin ragar, na ce tsoro ne, zai ware. Abu na biyu kuma, tun a farkon wasan na ga kocin ɗaya ɓangaren, wani mai farar hula da allo a hannu, ya ƙura wa sandar Auta ido, ya taɓa mataimakinsa ya nuna masa, suka yi murmushi. Na zunguri abokina na ce, "Ka gani? Ko a Sin an san aikin hannu."

Takwas da takwas ake, saura abin da bai kai minti ɗaya ba, ƙwallo ta zo hannun Auta daga tsakiyar fili. Ya ruga. Na farko ya sara masa sanda a kan tasa, ƙwallo ba ta faɗi ba. Na biyu ya sara, ba ta faɗi ba. Na uku ya haɗa da kafaɗa har Auta ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya tashi, tana nan. Abokina ya ce, "Kai! Ƙwallon nan ya manne ma shi ne?" Auta ya yi tsalle ya jefa, ta daki ƙasa ta tashi ta shige gida. Filin ya kaure. Yaran suka taru a kansa suka danne shi, mai tabarau ya taho a guje tun daga ɗaya gidan yana kuka. Ni kuwa hulata ma ban san inda ta faɗi ba.

A cikin wannan murnar ne mai farar hula ya taka a hankali, ba gaggawa, ya je wurin alƙali ya nuna Auta da allonsa. Aka busa usur. Alƙali ya karɓi sandar ya tsaya a tsakiyar fili, kowa ya zuba masa ido. Ya sa ƙwallo a ragar, ya ɗaga daidai idonsa ya leƙa ta gefe. Sa'an nan ya kife ta. Ƙwallo ta ƙi faɗuwa. Ya girgiza, ta ƙi. Allah ya gani, a wannan lokacin alfahari ne ya cika ni, har na buɗe baki na ce wa abokina, "Aikina ne." Sai na ga alƙali ya kaɗa hannuwa alamar an soke ci, na ga ɗaya ɓangaren suna tsalle, na ga Auta ya sunkuyar da kai. Wani ɗalibi da ke kusa ya yi wa abokina bayani da Turanci, shi kuma ya juyo gare ni a sanyaye ya ce, "Alhaji, dokan wasan ne. Wai dole in an kife sanda ƙwallo ya faɗi. Ragan da ya riƙe ƙwallo, magudi ne."

Aka fitar da Auta gefe ya durƙusa a wani ɗan akwati da aka zana, shi kaɗai, jama'a suna nuna shi da waya. Aka ƙara lokaci, su Auta da mutum ɗaya a waje, yaran kuma jikinsu ya riga ya mutu. Ba a daɗe ba aka zura musu. Sai ga 'yan ɗaya ɓangaren sun ɗaga mai farar hula a kafaɗa suna zagaya fili da shi, mutumin da bai yi gudun taku ɗaya ba, bai sha sara ɗaya ba. Tir da wannan nasara! Tun wasa bai yi nisa ba ya ga aibin, yana da baki, yana da ƙafar da zai taka ya ce yaro sandarka ba daidai take ba, sake wata. Sai ya ajiye abin a aljihu kamar wuƙa, ya jira yaro ya gama zubar da guminsa, ya jira uban yaro ya jefar da hula, sa'an nan ya zaro. Kuma wai wannan shi ake kira iya aiki, har abokina yana cewa ai dabara ce, doka ta ba shi. Na ce doka ta ba shi, amma ni da zan ga wanda ya rene shi da na tambaye shi abin da ya koya masa. Ni da na cusa ƙarfe da gangan an ja ni bayan kuka an rufa mini asiri. Yaron da bai taɓa igiya ko ɗaya ba shi aka tsayar a tsakiyar fili.

Na sauka da ƙyar na ratsa mutane na isa wurin kocin su Auta. Na buga ƙirjina na nuna sandar na nuna hannuwana, na haɗa ɗan Turancina da ɗan Sinancin kasuwa, ina cewa ni ne, ni na ɗaura, yaron bai sani ba. Ya dafa kafaɗata yana cewa ba komai lawban, ba komai, irin yadda ake lallashin tsohon da ya ɓata hanya a tasha. Ya juya ya yi wa Auta magana gajeriya, fuska a ɗaure. Sauran yaran suna tattara kaya, ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya kalle shi, har mai tabarau. Daga baya na ji abin da kocin ya ce: wanda ya riƙe sanda shi ke da alhakinta, kuma sauran wasannin shekarar a benci zai gan su.

Ni da Auta muka shiga jirgin ƙasa muka kama hanyar komowa. Na ce, "Mutumin nan tun farko ya gani." Ya ce, "Ya gani, Baba." Na ce, "Kai fa? Ka san dokar?" Ya ce, "Na sani." Na ce, "Tun yaushe ka san ta yi zurfi?" Ya ce, "Tun da ka kife ta a gabana." Raina ya tashi, na manta a cikin mutane muke. Na ce, "To don me ba ka faɗa mini ba? Bakinka ciwo yake? Ga wata sandar a jakarka, me ya hana ka ɗauka?" Ya dubi takalminsa, sa'an nan ya ce, "Kana sama kana kallo, Baba. Da na ɗauki ɗayar da ka gani." Na ce, "In na gani fa?" Ya ce, "Tun ina firamare rabon da in ga basilla a hannunka. Da safe na farka na ji kana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa kana ɗauri. Na ce in sha Allahu ba za a duba ba."

Shekara nawa ina cika wa mutane kunne cewa 'ya'yan yanzu ba su da kunya, ba su san girman aikin manya ba, ga shi kunyar da nake nema ta ci wa ɗana shekara biyu na zaman benci da sunansa a gaban abokansa. Na so a ce ya yi mini rashin kunyar, ya ce tsoho ka ɓata mini sanda. Dogon nan na marina bai ji nauyin gaya mini gaskiya ba, shi ya sa na tashi da mutuncina.

Da muka isa masauki na ce ya ba ni sandar. Na zauna a ƙasa na juya ta, na duba ɗaurin. Ya yi kyau, ba ƙarya, ko mahaifina ba zai sami inda zai sa basilla ba. Babu wanda ya rage a duniya da zai ce mini kwance, sai na ce wa kaina. Na yanke jar fatar, na warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya, na ce wa Auta ya zauna ya nuna mini yadda dokarsu ke so. Na ɗaura, na sa ƙwallo, na kife, ta ƙi faɗuwa. Na kwance. Hannun nan bai san yadda ake yin abin da ke zubarwa ba, sai ya tsuke da kansa. Sau huɗu ina kwancewa, Auta yana cewa, "Ƙara saki, Baba, ƙara saki." A na biyar na kife, ƙwallo ta faɗo ta daki tayil ta gangara ƙarƙashin gado.

Auta ya ce, "Yauwa, Baba. Yanzu ta yi daidai."

Na miƙa masa abarsa. Na naɗe basilla da wuƙa a sauran guntun fatar, na mayar da su ƙasan akwati, na ce masa gobe in zai tafi atisaye ya tashe ni, ko a benci ne ma tare za mu zauna.